Haƙar Rijiya a Ƙasar Jahun da Tarihin Sauka da Hawa a Kan Igiya

Jahun ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, kuma tana cikin 7 da ke ƙarƙashin masarautar Dutse, tare da Dutse da Kiyawa da Miga da Birnin Kudu da Buji da Gwaram. Ta daɗe tana gunduma a ƙasar Kano kafin ranar 27 ga Agusta 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya wadda damina ba ta cika wuce wata huɗu a cikinta ba, saboda haka a sauran watannin shekara rayuwar mutum da ta dabba ta dogara ne ga ruwan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, kuma kafin zuwan injin haƙa babu hanyar isa ga wannan ruwa sai mutum ya sauka da jikinsa cikin rami mai zurfi, ya yi aiki a can, sa'annan ya fito. Tarihin haƙar rijiya a wannan yanki, in an dube shi ta fuskar mai shiga ramin, tarihi ne na wata tambaya guda: idan mutum yana rataye tsakanin baki da gindi, sai abin da ya tarar ya tilasta masa fasa sauka, ta yaya zai juyo, kuma a hannun wa ikon juyowar yake? Masu binciken koguna a Turai da Amurka sun yi shekaru masu yawa suna fama da wannan tambaya, kuma kwatanta amsarsu da ta mahaƙan ƙasar Hausa yana haska abin da sana'ar ta mallaka da abin da ta rasa.

Yanayin ƙasa da rijiyar gargajiya

Jihar Jigawa tana kan iyakar ƙasa iri biyu. A kudu da yamma, wajen Dutse da Birnin Kudu, tsohon dutse mai tauri ne ke kusa da sama, har yakan fito fili ya zama manyan duwatsu, kuma a ƙarƙashin irin waɗannan duwatsu ne ake samun zanen shanu na mutanen dā a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa masana a shekarun 1950. Waɗannan wurare mafaka ne a gindin dutse, mutum yana shigarsu da ƙafa. Koguna masu rami a tsaye, waɗanda sai da igiya ake shiga, sun fi samuwa ne a inda ruwa ya daɗe yana narkar da farin dutsen da ake yin siminti da shi, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe. A arewa da gabas kuwa, inda Jahun ta fi karkata, tsohon dutsen ya nutse a ƙarƙashin shimfiɗun yashi da yumɓu na kwarin Tafkin Chadi, a samansu kuma akwai dogayen tuddan rairayi waɗanda iska ta tara a wani zamani da ya fi na yanzu bushewa, da fadamu a tsakaninsu. Saboda haka rami mafi zurfi da mutumin wannan yanki ya sani shi ne wanda ya haƙa da hannunsa.

Wannan bambanci na ƙasa shi ke tsara aikin mahaƙi. A ƙasar dutse bangon rijiya yakan tsaya da kansa, wahalar ita ce fasa marmara da dutsen da ya ruɓe kafin a kai ga idon ruwa, wato inda ruwa ke tsattsafowa. A ƙasar yashi kuwa haƙar tana da sauƙi amma bangon ba shi da amana, musamman a can ƙasa inda yashi ya jiƙe yake zubowa yana barin kogo a bayan bango, har rijiya ta rufta. Ana haƙa ne da rani, kuma mahaƙin da ya san aikinsa ya fi son ya ƙarasa da bazara, lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya iyakar jansa, domin rijiyar da aka tsayar da ita da kaka takan ƙafe kafin ruwan sama ya sauka. Kayan aikin ba su da yawa: dagi, wato ƙarfe mai kaifin baki da ake sara ƙasa da shi a tsaye, da gajeriyar diga, da kwando ko guga na fitar da ƙasa, da igiya. Ana yin ramin da ƙunci, daidai yadda mutum ɗaya zai tsuguna ya juya, domin ƙuntataccen rami ya fi tsayuwa, ƙasar da za a fitar ta fi kaɗan, kuma mahaƙi yana iya kai ƙafa ɗaya wannan bango, ɗaya wancan. A jikin bangon yakan sassaƙa ƙananan matakai suna fuskantar juna tun daga baki har ƙasa, a bakin kuma a gitta itatuwa masu ƙwari domin su riƙe ƙasa su kuma ɗauki gugar igiya, abin da ya sa ake ganin tsofaffin itatuwan bakin rijiya da zurfafan tsagi waɗanda igiya ta ci.

Ana auna zurfin rijiya da gaba, wato tsawon da ke tsakanin yatsun hannu biyu idan babban mutum ya buɗe su, kimanin mita 1.8, kuma da wannan ma'auni ake yin ciniki tsakanin mai rijiya da mahaƙi. Heinrich Barth, wanda ya bar Kano a watan Maris 1851 ya bi ta Gumel zuwa Kukawa, ya riƙa rubuta zurfin rijiyoyin da ya tarar a tafiye-tafiyensa, domin zurfin rijiya shi ke nuna yawan dabbar da zango zai iya shayarwa a yini. Igiyar kuwa sana'a ce mai zaman kanta: ana tufka ta da kaba, wato ganyen goriba, ko da rama, ko da ɓawon kuka ko na kalgo, kuma a biranen ƙasar Hausa an san makafi da wannan tufka. Irin wannan igiya tana ruɓewa idan ta daɗe a jiƙe, tana kuma lashewa a inda take gugar itace, don haka duba ta gaba bayan gaba kafin a ɗora mata nauyin mutum yana cikin abin da yaron mahaƙi ke fara koya.

Mai shiga da masu riƙe igiya

Shiga rijiya iri biyu ce. Akwai shigar mahaƙi, wanda ke sauka kullum cikin ramin da ya san kowane taki nasa, akwai kuma shigar mai yasa, wato wanda ake kira ya kwashe laka da yashi da tarkacen da suka toshe tsohuwar rijiya, ko ya ciro dabbar da ta faɗa, ko gugan da ƙugiya ta kasa kamowa. Ta biyun ta fi haɗari, domin bangon baƙo ne gare shi, matakan sun lashe ko sun yi gansakuka, kuma iskar da ke ƙasa ta daɗe ba ta motsa ba. Mai shiga yakan tuɓe ya rage gajeren wando, a ɗaura masa igiya a ƙugu ko a ƙarƙashin hammata, ya juya baya ga ramin, ya dafa itacen baki, ya laluba mataki na farko da babban yatsan ƙafa, sa'annan ya sauka yana tokare bango da ƙafafu da tafin hannu, mutanen sama kuma suna sakin igiya kaɗan-kaɗan ta kan itacen, ba su bari ta yi sako-sako ba, ba su kuma ɗaga shi daga matakansa ba. Inda rijiya ta yi faɗi ko matakai suka ƙare, nauyinsa duka yakan koma kan igiya, kuma daga wannan lokaci ba shi da sauran iko a kan tafiyarsa: in zai sauka sai an sake shi, in zai hau sai an ja shi.

Abin da ya fi sa mai shiga neman juyowa shi ne gurɓatacciyar iska. Iskar da mutum ke shaƙa a sarari tana ɗauke da oksijin kimanin kashi 21 cikin 100, amma a gindin rijiya ruɓewar ganye da gawar dabba da numfashin ƙasa kanta sukan cinye oksijin su tara iskar kabon dayoksaid, wadda ta fi iskar sarari nauyi, saboda haka take kwanciya a ƙasa, ba ta da launi kuma hanci ba ya jin ta. Wanda ya shiga cikinta yakan fara haki, kansa ya sara, ƙafafunsa su mutu, wani lokaci kuma ya suma kafin ya iya buɗe baki. Mutane da yawa sun danganta wannan da aljannun rijiya, amma mahaƙa a ƙasashe da dama sun san gwajinsa tun da daɗewa: a zura fitila mai wuta a cikin guga, in ta mutu kafin ta kai ƙasa, ba a shiga sai an kaɗa iskar ta hanyar zura ganye ko buhu ana ja ana saki. Ma'anar gwajin ita ce wuta da numfashi abu ɗaya suke bukata.

A irin wannan tsari, ceton mai shiga yana hannun na sama, kuma gwanintarsu ba ta gaza tasa ba. Dole su zama isassu da za su iya ɗaga mutum sumamme, wanda ya fi mai taimakon kansa wuyar ja. Dole babbansu ya riƙa yi masa magana yana sauraron amsa, domin shiru shi ne alamar farko. Dole kuma a yi yarjejeniya a kan girgiza igiya tun kafin a sauka, saboda murya tana rikicewa a rami mai zurfi. Yaro yakan shekara yana zubar da ƙasa da riƙon igiya kafin a bar shi ya shiga gajeren rami, kuma ta haka yake sanin nauyin mutum a tafin hannunsa kafin ya ɗora nasa nauyin a hannun wasu. Shari'a ma ta san wannan haɗari. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin Abu Huraira wanda ke nuna cewa babu diyya a kan wanda rijiya ko ramin ma'adini ya halaka, malamai kuma sun bayyana cewa wannan ya haɗa da wanda aka ɗauka aikin haƙa sai ramin ya rufta masa ba da sakacin kowa ba, alhali wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, inda bai halatta ya haƙa ba, shi ke ɗaukar alhakin abin da ta jawo. Sakamakon haka shi ne mahaƙi ya san cewa tsaron ransa yana cikin iliminsa da amanar abokan aikinsa.

Daga rijiyar siminti zuwa burtsatse

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, ƙarancin ruwa a arewacin lardunan Sakkwato da Katsina da Kano da Barno ya zama abin da ya dami mulkinsu, domin inda babu rijiya babu zaman mutane, babu noman gyaɗa, babu haraji da jangali. Ma'aikatar binciken ƙasa da ma'adinai, wadda aka kafa a 1919, ta fara haƙa rijiyoyin siminti a ƙarshen shekarun 1920, aikin ya bazu a lardunan Arewa da kuɗin baitulmalin En'e, a 1937 kuma H. A. Cochran ya wallafa bayanin dabarun da aka yi amfani da su, kafin aikin ya koma hannun ma'aikatar ayyuka a 1947. Rijiyar irin wannan tana da faɗin kimanin ƙafa 4, ana zuba mata bangon kankare da rodi yayin da ake haƙa, a ƙasa kuma a nutsar da zobban kankare cikin yashin da ke ɗauke da ruwa. A Jamhuriyar Nijar hukumar OFEDES, wadda aka kafa a 1963, ta yi irin wannan aiki da rijiyoyi masu faɗin mita 1.8.

Kankare ya magance rufta, wanda shi ne babban abin tsoro a ƙasar yashi irin ta Jahun, amma ya zo da wani sauyi da ba a cika lura da shi ba. Bangon siminti sumul yake, kuma faɗinsa ya wuce a tokare shi da ƙafa cikin sauƙi, saboda haka matakan da mahaƙin gargajiya ke iya hawa da kansa suka ɓace, mai shiga ya koma kaya a ƙarshen igiya tun daga baki har gindi. Ƙungiyoyin haƙa na gwamnati suna da turakun ƙarfe da abin naɗe igiya da shugaban aiki, amma idan sun tashi, rijiyar takan zauna shekaru masu yawa a hannun mutanen gari, waɗanda in ta bukaci yasa ba su da komai sai igiyar guga da ƙarfin samari.

Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun ƙafar da rijiyoyi da yawa, suka kuma karkatar da hankalin hukuma zuwa rijiyar burtsatse, wato siririn ramin da inji ke hudawa a sa masa bututu da famfo. Hukumar KNARDA ta tsohuwar Jihar Kano, da tallafin Bankin Duniya, ta haƙa irinsu da yawa a karkara a shekarun 1980, hukumar DFRRI ta tarayya ta biyo baya daga 1986, yaƙi da ciwon kurkunu kuma, wanda binciken ƙarshen shekarun 1980 ya gano ya kama mutum fiye da 650,000 a Nijeriya, ya ƙara wa tsabtataccen ruwa daraja har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da cutar daga ƙasar a 2013. Alherin burtsatse ba abin musu ba ne. Sai dai ta rage wa haƙar hannu daraja da riba ba tare da ta kawar da bukatarta ba, domin famfo yana lalacewa, makiyayi yana son rijiyar da mutum da yawa za su ja ruwa lokaci guda, mai lambu da mai gida kuma suna haƙa tasu. Aikin da dā ake gada ya koma hannun duk wanda rani ya matsa wa, igiyar roba da ta zaren buhu suka maye gurbin ta kaba, aka kuma sami sabon makashi, wato injin ban-ruwa mai aiki da fetur, wanda in aka zura shi cikin rijiya ko aka ajiye shi a bakinta yakan cika ramin da hayaƙin kabon monoksaid.

Yadda masu binciken kogo suka bi da matsalar

Masu binciken kogo na farko a Turai sun sauka ne kamar yadda mai yasa ke sauka. Édouard-Alfred Martel na Faransa, wanda ya shiga ramin Padirac a 1889 da ramin Gaping Gill na Ingila mai zurfin kusan mita 100 a 1895, ya dogara ne da tsanin igiya da mutanen da ke riƙe da shi a sama. A shekarun 1930 Robert de Joly ya ƙera tsani marar nauyi na wayar ƙarfe, wasu kuma suka koma ga injin naɗe waya. Iyakar wannan hanya ta bayyana a watan Agusta 1952 a ramin Pierre-Saint-Martin, a kan iyakar Faransa da Sifen, mai zurfin kimanin mita 320, inda maɗaurin wayar da ake jan Marcel Loubens da ita ya kwance, ya faɗo a kan duwatsu, ya rasu a ƙasan ramin, ba a kuma iya fito da gawarsa ba sai a 1954.

Wata hanyar ta daban ta riga ta fara tsiro. A 1931 Karl Prusik na Ostiriya ya bayyana wani ƙulli na siririyar igiya wanda ake naɗawa a jikin babba, yana zamewa idan an tura shi da hannu, yana kuma cijewa idan an ɗora masa nauyi, abin da ya ba mutum damar hawan igiya shi kaɗai. Henri Brenot ya ƙera ƙarfen da ke yin wannan aiki, Pierre Chevalier da Fernand Petzl kuma, waɗanda suka binciki kogunan Dent de Crolles kusa da Grenoble a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, suka fara amfani da igiyar nailan a ƙarƙashin ƙasa. A Amurka Bill Cuddington ya yaɗa sauka da hawa a kan igiya guda a shekarun 1950, a 1958 aka fitar da ƙarfen hawa na Jumar a Suwizalan, a 1967 kuma aka sauka ramin Golondrinas na Meziko, inda mutum ke rataye a sarari tsawon fiye da mita 330 ba tare da taɓa bango ba. Daga 1968 Petzl ya fara ƙera kayan da Bruno Dressler ya tsara, daga baya kamfaninsa ya fitar da ƙarfen ƙirji na Croll da ƙarfen sauka na Stop a shekarun 1970. Abin da duk wannan ya haifar shi ne igiya ta daina motsi: ana ɗaure ta a sama ta tsaya, mutum ne ke tafiya a jikinta, ikon tsayawa da juyawa kuma ya dawo hannunsa.

Sauyi a tsakiyar igiya

Mai wannan aiki yana sanye da ɗamarar zama wadda ta kama ƙugu da cinyoyi, a gabanta kuma an rataye abubuwa huɗu: ƙarfen sauka, wanda igiya ke lanƙwasa a cikinsa domin guga ta rage gudu, ƙarfen hawa na ƙirji, ƙarfen hawa na hannu, mai ɗauke da likkafa ta igiya wadda ake taka ƙafa a ciki, da gajerun igiyoyin tsaro. Ƙarfen hawa yana da haƙora masu barin igiya ta wuce ta fuska ɗaya kawai, kuma ba ya buɗuwa muddin akwai nauyi a kansa. A kan wannan siffa ta ƙarshe duk dabarar sauyi ta ginu, domin ma'anar sauyi ita ce ɗauke nauyin jiki daga wani ƙarfe a mayar da shi kan wani alhali mutum yana lilo a sarari.

Wanda ke sauka ya ga igiya ta gaza, ko ya tarar da ruwa ko mummunar iska, yakan tsaya ya ɗaure ƙarfen saukarsa yadda ba zai zame ba ko da ya saki hannu, ya maƙala ƙarfen hannu a sama, ya miƙe tsaye a likkafa, ya sa igiya a ƙarfen ƙirji, ya zauna a hankali har ya ji nauyinsa ya koma can, sa'annan ne kawai zai zare ƙarfen sauka ya fara hawa. Komawa daga hawa zuwa sauka ta fi wuya. Sai ya sa ƙarfen sauka a ƙasa da na ƙirji, ya janye sakin igiyar da ke tsakaninsu, ya ɗaure, ya sauko da ƙarfen hannu daidai inda zai iya kai masa bayan ya zauna, ya miƙe a likkafa domin ƙarfen ƙirji ya huta ya buɗu, ya zauna a kan ƙarfen sauka, ya duba yadda igiya ta bi ta cikinsa, ya gwada shi da ɗan saki, kafin ya cire ƙarfen hannu. Kuskuren da ya fi kama masu koyo shi ne barin ƙarfen hannu can sama, ta yadda in sun zauna nauyinsu zai rataya a igiyar tsaron da ke haɗe da shi, su kasa sauka su kasa buɗe shi. Maganinsa shi ne a sake miƙewa a likkafa a mayar da ƙarfen ƙirji a fara daga farko, amma wanda ya gaji kuma tsoro ya kama shi yakan ɓata ƙarfinsa wajen kokawa da ƙarfen da ba zai buɗu ba. Jinkirin kansa haɗari ne, domin gwaje-gwajen da likitocin ƙungiyar masu binciken kogo ta Faransa suka yi a tsakiyar shekarun 1980 sun nuna cewa lafiyayyen mutum da ya rataya a ɗamara ba ya motsi yana iya suma cikin mintuna kaɗan, saboda jini yana taruwa a ƙafafu.

Saboda haka ƙa'idar koyarwa ta zama ɗaya a ko'ina. Ba a kwance abin da ke riƙe da mutum sai wanda zai gaje shi ya karɓi nauyi an kuma gwada shi. Ana ƙulla ƙarshen igiya domin kada mai sauka ya zare ta ƙasa. Kuma ba a barin kowa ya shiga rami sai ya iya juyawa ta fuska biyu. Ana koyon wannan da rana a reshen itace ko a rufin ɗaki, ƙafa ba ta yi nisa da ƙasa ba, a kan igiyar da malami zai iya sassautawa ya sauko da ɗalibi in ya maƙale, ana maimaitawa har hannu ya riƙe, sa'annan a sake yi da safar hannu, a cikin duhu, da jiƙaƙƙiyar igiya, bayan an gaji. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da kwatancin ya nuna

Kuskure ne a ɗauka cewa kayan masu binciken kogo za su maye gurbin masu riƙe igiya a bakin rijiya, domin wanda iska ta sumar ba ya iya sauya ƙarfe, kuma dokokin aiki a ƙuntatattun wurare na zamani sun dawo ne kan abin da mahaƙan gargajiya suka riƙe: a gwada iska, a tsayar da mai tsaro a sama, a tanadi hanyar jawo mutum ba tare da wani ya bi shi ba. A 1986 hukumar NIOSH mai binciken lafiyar ma'aikata a Amurka ta yi gargaɗin cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa a irin waɗannan wurare masu yunƙurin ceto ne, kuma duk mai sauraron labaran hukumar kashe gobara a Kano da Jigawa ya san wannan jeri, inda ɗaya ya shiga ya yi shiru, ɗan'uwansa ya bi shi ba igiya, na uku ya bi na biyu.

Darasin da ya fi dacewa da ƙasar Jahun shi ne na tsarin koyo. Mahaƙin dā yana da hanya biyu ta fita, matakansa da igiyar abokansa. Mai binciken kogo yana da ƙarfe na biyu kafin ya saki na farko. Wanda ke shiga rijiyar siminti a yau da igiyar guga a ƙugu hanya ɗaya gare shi, kuma sau da yawa ba a taɓa gwada ta ba. Gyaran wannan bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ko masarauta ba: turaku uku na ƙarfe da abin naɗe igiya a hannun kowane hakimi, ɗamara maimakon zarge a ƙugu, igiyar da aka keɓe domin ɗaukar mutum kaɗai, hana kunna inji kusa da ramin da mutum ke ciki, da horar da 'yan kwana-kwana da masu yasa tare, a rijiya marar zurfi, yadda ake tsayar da mai sauka a jawo shi yana sumamme. Tsofaffin mahaƙan da suka san launi da ƙanshin kowace shimfiɗar ƙasa tsakanin Jahun da Kiyawa da Miga suna raguwa, kuma ya kamata makarantun fasaha na jihar da Jami'ar Tarayya ta Dutse su rubuta iliminsu, su kuma sa su cikin masu koyarwa, tun suna da ƙarfin tsayawa a bakin rijiya su nuna yadda ake yi.